Warnish a Kan Teburin Iya Dela

Latifatu mace ce mai ƙyanƙyami, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. Idan kyanwa ta bi ta gefen darduma sai an wanke dardumar. Kofin da baƙo ya sha ruwa da shi, ko da limamin unguwa ne, sai ya sha sabulu kafin ya koma cikin ƴan uwansa. To, mai irin wannan hali ce Allah ya haɗa da suruka mai wankan gawa.

Iya Dela, mahaifiyar mijinta Bawa, tun tana budurwa iyayenta suka ƙetaro da ita daga Sudan zuwa ƙasar Makka. A unguwar Sa'alaba ta yi aure, a nan ta tsufa, kuma tun kafin masallatai su samu ɗakunan wanka ita ke wanke matan Hausawa idan sun cika, daga Sa'alaba har Kurayyat. Latifatu ba ta taɓa raina ta ba, wannan kam ba mai yi mata ƙazafi. Gaisuwa har ƙasa, girki a kan lokaci, wankin kaya ba ƙorafi. Abu ɗaya ne ya gagare ta: cin abin da ya fito daga hannun tsohuwar. Idan Iya ta miƙo mata dabino, sai ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta jefa a aljihun abaya, daga baya ƴaƴan maƙwabta su samu rabonsu. Tana ganin kamar Iya ba ta lura, tunda idanun tsohuwar sun riga sun dushe.

Sai kuma teburin. Yana can saman rufin gidan, an lulluɓe shi da tamfol. Dogo ne, marar faɗi, ƙafafun wajen kai sun ɗan fi na wajen ƙafa tsawo domin ruwa ya gangara. An fafe ƴan hanyoyi a gefe da gefe, sun haɗu a wani rami da ke ƙarshe inda ake tara bokiti. Katakon suwedi ne, farin katakon nan mai idanu da ake kawowa ta jirgin ruwa, amma ruwan shekaru da kafur da ganyen magarya sun mayar da shi ruwan toka-toka. Latifatu kan shanya wanki a can ɗaya ɓangaren rufin, ko da igiyar nan ta cika, don kada gefen zaninta ya taɓa tamfol ɗin.

Da aka zo aka shafa jan fenti a bangon gidan, alamar unguwa za ta tashi, Bawa ya samo musu haya a wani bene, ɗakuna ƙanana, ba rufin da za a ce nasu ne. Tun kafin a ɗaure kwali na farko Latifatu ta yanke hukunci, ta tare Bawa, wanda take kira Abu Nasir da sunan ɗansu.

"Abu Nasir, ka ji ni da kyau. A nan abin yana sama, ina ƙasa, na haƙura. A can ina za ka ajiye shi? A falo? Kusa da firiji? Wallahi ni da shi ba za mu zauna ƙarƙashin rufi ɗaya ba."

Bawa kafinta ne, mutum mai sanyin hali, irin waɗanda ke amsa faɗa da sosa ƙeya. Ya ce za a duba.

A kwanakin nan masu neman tsofaffin kaya sun cika lungunan, suna kwasar ƙofofi da tagogi da akwatunan kakanni. Cikinsu akwai wani saurayi Nayef, mai shagon gahawa a Balad, tsohon gari. Ya hau rufin ganin wata ƙofa, ya ɗaga tamfol, ya tsaya baki buɗe, sannan ya juyo wajen Latifatu yana kiranta inna da Larabci.

"Masha Allah! Wannan na mene ne, ya khala? Me ya sa ya karkace haka?"

"Na kwaɓa burodi ne," in ji Latifatu, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Mutanen da ne, suna son ruwan wanki ya gangara da kansa."

Bawa yana tsaye a gefe. Ya buɗe baki, ta kalle shi, ya rufe. Nayef ya ce yana so, amma a gyara masa, a kuma bar shi da kamanninsa na tsufa, don shi ne abin da masu shan gahawarsa ke biyowa. Iya kuwa, aka ce mata Bawa zai yi wa tebur gyara, tunda ƙafa ɗaya tana rawa.

A rufin Bawa ya fara aikin, da la'asar, rana ta ɗan yi sanyi. Ya sa ƙarfen kankara yana bi a hankali, don suwedi katako ne mai laushi, ka danna da ƙarfi ka bar masa tabon da ba ya gogewa. Daga nan ya koma samfefa. Fatar toka-tokar nan tana tashi, wani launi kamar na zuma yana leƙowa daga ƙasa. Tare da shi kuma wari ya taso. Kafur ne, wanda katakon ya sha ya ƙoshi, ga wani tsami-tsami na tsohon ruwa a bayansa. Latifatu ta hawo da shayi, warin ya tare ta a bakin matakala. Ta ajiye tiren a ƙasa, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Me za ka shafa masa?" ta tambaya ta cikin mayafin.

"Man kattan zan ba shi ya sha, in ya bushe in bi da kakin zuma. Tsohon katako irin wannan ba ya son a shaƙe shi, Ummu Nasir. Mai yana shiga ciki ne, idanun su fito, hannu ya ji itace. Haka ma yaron ya ce."

"Mai zai kashe wannan warin?"

"A'a. Zai rage dai."

"To ba mai ba. Warnish za ka sa, mai kauri, irin na ƙofar otal."

"Warnish a kan wannan? Zai koma kamar roba. In zafi ya yi ma idanun nan suna fitar da ƙaro, sai ya kumbura ya tsattsage."

"Ya kumbura mana, a gidan wani! Kai kana so yaro ya sunkuya shan gahawa ya ji ƙamshin likkafani? Na ce masa na burodi ne. Rufe shi, Abu Nasir, shafi a kan shafi, yadda ko aljani ba zai shinshino ba. Ramin nan ma a toshe. Halas."

Ya fere ɗan katako ya toshe ramin. Tana nan tsaye daga nesa ta lura da wani abu: akwai wani siririn katako da aka gitta a faɗin teburin, ba nisa da wajen kai, an kafe shi da ƙusoshin da suka yi tsatsa. Bawa yana zagaye shi da samfefa, ba ya taɓa shi.

"Wannan ma cire shi, ya ɓata wurin."

"Wannan zai zauna."

Bai ɗago kai ba, kuma muryar ba irin tasa ba ce. Ta ga ta riga ta ci babbar nasara, sai ta bar masa ƙaramar. Ya shafa warnish, ya bushe, ya ƙara, ya ƙara. Tebur ya fito yana walƙiya kamar an tsoma shi a man gyaɗa, warin tinar da aka sirka warnish ɗin da ita ya danne komai. Ranar da motar Nayef ta tafi da shi, Latifatu ta wanke rufin gaba ɗaya da ruwan zafi, duk da cewa rusa shi za a yi.

A sabon gida Iya ta ƙara laushi. Ba maƙwabtan da ke leƙowa, ƙawayenta kowa ta yi nata wuri, wasu Makka, wasu an ce sun koma Sudan. Tana zaune bakin gado da carbi, tambayarta ɗaya ce kullum, ko gyaran bai ƙare ba. Wata safiya Latifatu ta kai mata kunu, tsohuwar ta riƙe kofin ba ta sha ba.

"Ƴar nan, ki ce wa Bawa in yana gyaran nan kada ya cire ɗan katakon nan na wajen kai."

"To, Iya. Ai na ga ya bar shi. Na mene ne ma?"

Iya ta juyo da idanunta masu hazo. "Au, bai taɓa gaya miki ba? Shi ya kafa shi da hannunsa, ranar Rahama. Ta yi ƙanƙanta da yawa, in na zuba ruwa sai ta riƙa zamewa. Na leƙo na ce masa, samo mini abin da zai tokare mata ƙafa. Yana kuka yana buga ƙusar, har ya sami yatsansa. Bayan ita, duk ƴaƴan unguwa a nan nake tokare su."

Rahama ita ce ƴar farin Latifatu. Zazzaɓi ya ɗauke ta ko yaye ba a yi ba. Abin da Latifatu ta riƙe na ranar shi ne mata sun danne ta a ɗaki, sai kuma wani ɗan farin ƙunshi da aka fito da shi. Ita dai ta ɗauka a baho aka wanke yarinyar, kamar kullum, kuma ba ta taɓa tambaya ba, don ba ta son jin amsar. Ta karɓi kofin da Iya ba ta sha ba, ta kai kicin, ta tsaya gaban famfo ta rasa me ya kawo ta. Daga nan ta zari abaya ta sauka ta tare tasi.

Shagon Nayef yana cikin wani tsohon gida na dutsen teku, an rataye fitilu masu ruwan ɗorawa, turaren wuta yana tashi. Ba sai ta nema ba. Yana nan a tsakiyar shagon, shi ne abin ado, an jera masa kujeru gefe da gefe, yana ƙyalli kamar goshin mai gumi. Samari da ƴanmata sun zagaye shi suna cin kunafa, kayan zaƙin nan mai cuku da ruwan sukari.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Wani saurayi ya ja lomarsa, cukun ya miƙe, wani yanki ya faɗo kan teburin, ya tsince da yatsu ya jefa a baki, har da lasar yatsun. Wani ya yi dariya ya bugi kofi, gahawa ta zube. Latifatu ta bi ta da ido. Gahawar ta nemi hanyar da aka fafe a gefe, ta shiga, ta gangara sannu a hankali zuwa ramin da aka toshe, ta taru a can, daidai yadda ruwa ya saba yi. A wajen kai kuwa, wata budurwa ta jingina wayarta da ɗan siririn katakon, tana ɗaukar kanta hoto, tana murguɗa baki, tana ɗaga cokali. Ruwan sukari ya ɗiga daga farantinta, ya gangaro ya tsaya a jikin katakon, wani ƙuda yana bin sa.

Ƙyama ta turnuƙe Latifatu. Ta san ƙyanƙyami iri-iri a rayuwarta, amma wannan bai yi kama da ko ɗaya ba. Da can teburin take ƙyama. Yau bakunan nan masu tauna ne, da ƙyallin nan da ita da kanta ta ce a shafa, da harshenta da ya ce burodi.

Nayef ya hango ta, ya taho da fara'a. "Ahlan, ya khala! Kin ga teburinki? Kowa a nan yake son zama. Wannan ɗan katakon ma, kamar don waya aka yi shi."

Ta wuce shi. Ta ƙarasa, ta ɗauke wayar budurwar ta miƙa mata. Sannan ta yi magana da Larabci, da murya irin wadda take kiran yara cin abinci da ita, yadda har na ƙuryar shago zai ji.

"Ba a taɓa kwaɓa burodi a kan wannan ba, ni ce na yi ƙarya. Teburin wankan gawa ne. Matan unguwarmu kaf a kansa aka wanke su. Nan inda kika jingina wayarki, nan aka tokare ƙafafun ƴata."

Sai kujeru suka fara faɗuwa. Saurayin da ya tsinci kunafa ya tofar da abin da ke bakinsa a ƙasa, yana kakari. Wata ta zazzage jakarta tana neman man kashe ƙwayoyin cuta, ta malala a hannu har gwiwar hannu. Budurwar ta riƙe wayarta da yatsu biyu, nesa da jikinta, ta yamutsa fuska, ta ja mayafi ta toshe hanci. Latifatu ta san wannan fuskar. Ita ce ta ɗauka zuwa rufin gida shekara da shekaru, ita take sawa idan ta juya baya da dabinon Iya. Ta ji haushinsu duka, ta kuma san da ita ce a kujerar da ta fi su yi.

"Haramun alaiki, ya khala!" Nayef ya faɗa, jijiyar wuyansa ta tashi. "Kin kashe mini shago! Yalla, ku fitar da shi, ku fitar!"

Ma'aikatansa suka naɗe hannu da tsumma suka ja teburin, ƙafafunsa na kuka a kan dutse, suka yar a lungu kusa da kwandon shara, inda kyanwoyi ke yawo a cikin ruwan ƙazanta. Latifatu ta kira Bawa a waya, ta gaya masa inda take, ta ce ya zo da mota. Ta ga wata kyanwa na shirin ɗarewa, ta kore ta. Ta duba babu wurin tsayawa mai tsabta, sai ta goge ruwan sukarin da gefen abayarta, ta zauna a kan teburin. Wannan ne karon farko da jikinta ya taɓa shi.

Bawa ya iso da ƴar ƙaramar motar ɗaukar kaya. Ya kalle ta, ya kalli inda ta ɗora hannu. Ya shiga wurin Nayef, ya sha zagin da zai sha, maza suka ƙarasa abin da ke tsakaninsu. Da ya fito ya ce, "Iya ce ta gaya miki?"

"Ita ce. Kai me ya hana ka?"

"Ba ki taɓa son a ambaci ranar ba. Kuma da na faɗa, da cewa za ki yi ina kare tebur ne."

A ƴar barandar gidan suka yi aikin, ƙofa a buɗe don wari. Cire warnish ya fi sa shi wuya nesa ba kusa ba. Bawa ya shafa maganin narkarwa, ƙyallin ya tattare ya kumbura, ya riƙa fitowa a bakin ƙarfe, yauƙi-yauƙi kamar majina. Latifatu tana tarawa a jarida, tana tofar da yawu, tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro abin, ta manta wa ya nace a shafa. Da suka zo kan ɗan katakon ta karɓi ƙarfen daga hannunsa. Ta bi shi a hankali, ta zagaye kawunan ƙusoshin. Ɗaya a karkace take, an buge ta ba daidai ba.

Kafur ya dawo. Ƙyanƙyaminta yana nan, bai canza ba don ta yi kuka. Ta haɗiye, ta ci gaba.

"Yanzu me za a shafa?" Bawa ya tambaya, yana kallon ƙasa don kada ta ga bakinsa.

"Kada ka yi mini iya shege, Abu Nasir. Kawo man."

Ita ta shafa, da tsumman tsohon zani. Katakon ya riƙa zuƙe man kattan kamar ƙasar da ta daɗe ba ruwa, idanunsa suka fito jajaye, hanyoyin gefe suka yi duhu. Da ya sha ya bushe Bawa ya murza kakin zuma, ya kuma sa guduma ya fitar da abin da ya toshe ramin. Suka ɗauka su biyu suka shigar ɗakin Iya, suka jingina shi da bango kusa da gadonta, don babu wani wurin.

Iya ta miƙa hannu ta lalubo. Ta bi gefen da tafinta, ta sa yatsa a ramin, ta dawo ta tsaya a kan ɗan katakon. Ta sunkuya ta shinshina.

"Gyaran ya daɗe," ta ce. "Har da warin gahawa."

Ta ɗago kai, ta ci gaba.

"Na san ba a kansa za a wanke ni ba. Yanzu sai na ƙarfen masallaci, mai sanyi kamar na mahauta, da matan da ba su san sunana ba. Waɗanda na koya wa duk sun watse. Amma ana barin mace ɗaya daga dangi ta shiga." Ta juya wajen da take jin numfashin Latifatu. "Daga dama ake farawa, ƴar nan. Ruwan kada ya yi zafi. Kafur a na ƙarshe. Gobe ki zo da bokiti in nuna miki."

Ta laluba ƙarƙashin matashi ta ciro ƙullin dabinonta. Ta zaɓi ɗaya da yatsun da suka gama shafa teburin, ta miƙo.

"Yau kam babu ƴaƴan maƙwabta," in ji ta.

Latifatu ta karɓa da hannu biyu. Dabinon ya yi laushi, ya ɗauki ɗumin tafin tsohuwar, yana ƙamshin man kattan da kafur. Ta kai shi baki ta tauna, ta daɗe tana taunawa kafin ya wuce.

"Bokitin wane iri, Iya?" ta ce.